Cikakkiyar Inshorar Mota a Nijeriya: Tasirin Neman Diyya kan Kuɗin Shekara da Alhakin Ɓarnar Dukiyar Wani

Tsakure

Wannan takarda ta duba abubuwa biyu da ke ɗaure wa masu motoci kai a Nijeriya: yadda neman diyya daga kamfanin inshora ke shafar kuɗin da za a biya a shekara mai zuwa, da kuma iyakar abin da kamfani zai ɗauke wa mai mota idan ya lalata dukiyar wani. Ta dogara ne da dokokin inshora na ƙasar, da sanarwar da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar a watan Disamba na 2022, da kuma kwatance da tsarin Faransa da na ƙasashen da ke maƙwabtaka da Nijeriya. Abin da ta gano shi ne, masu motoci sun fi jin tsoron ƙarin kuɗin shekara, alhali babbar asarar tana ɓoye ne a wurare biyu da ba a cika dubawa ba: ƙimar motar da aka rubuta a takarda, da iyakar naira miliyan 3 da aka yanka wa ɓarnar dukiyar wani.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin titin Zariya a Kano ko hanyar Nyanya zuwa cikin Abuja da safe ya san yadda ƙaramin haɗari ke ƙarewa. Mota ta daki wata ta baya, bamba ta lotse, fitila ta fashe. Direbobi su fito, jama'a su taru, a yi ta cacar baki. Can sai wani dattijo ya sa baki: a yi haƙuri, tsautsayi ne, tunda ba a rasa rai ba a gode wa Allah. Daga nan ko dai a ce kowa ya gyara tasa, ko a rankaya garejin bakanike a yi ciniki. Da wuya a ji wani ya ambaci inshora, ko da kuwa takardarta na cikin aljihun gaban motar.

Akwai dalilai da yawa na wannan shiru. Wasu takardar da ke hannunsu jabu ce, an haɗa musu ita ne a bakin ofishin lasin tare da sauran takardun mota. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta sha bayyana cewa mafi yawan motocin da ke kan titunan ƙasar ba su da sahihiyar inshora. Wasu kuwa tasu sahihiya ce, har ma cikakkiya, amma suna gudun kai ƙorafi don an gaya musu cewa da zarar mutum ya nemi diyya, kamfani zai rama a kansa baɗi. Wannan rukuni na biyu shi ne abin da takardar ta fi mayar da hankali a kai.

2.0 Abin da Doka ta Tanada

Tilasta inshorar mota a Nijeriya ya samo asali ne daga dokar 1945, wadda ta fara aiki a 1950. Waccan doka ta kula ne da rai da lafiyar mutum na uku, wato wanda ba shi ne mai motar ba, ba kuma kamfanin inshora ba: mai tafiya a ƙasa, ko ɗan acaɓa, ko wanda ke cikin wata motar. Sai a Dokar Inshora ta 2003 aka wajabta a haɗa da ɓarnar dukiyarsa, aka kuma sa mafi ƙarancin kariyar a naira miliyan 1. Shekaru kusan ashirin ana biyan naira 5,000 a shekara don wannan kariya.

Daga ranar 1 ga Janairun 2023 lissafin ya sauya. NAICOM ta mayar da kuɗin motar gida naira 15,000, ta ɗaga iyakar ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Manyan motocin dakon kaya suna biyan naira 100,000 a kan iyakar miliyan 5, adaidaita sahu naira 5,000 a kan miliyan 2, babur kuwa naira 3,000 a kan miliyan 1. A cikin sanarwar ta watan Disamba na 2022 akwai wata jimla guda da ta shafi cikakkiyar inshora kai tsaye: kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar motar ba, bayan an cire kowane irin rangwame. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tsaurara binciken takardar inshora a kan tituna, sannan a watan Agustan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda ta kuma bar wajibcin inshorar mutum na uku yadda yake.

Cikakkiyar inshora a Nijeriya ta ƙunshi ɓangarori biyu a takarda ɗaya. Na farko yana kare motar mai ita daga haɗari da gobara da sata. Na biyu shi ne dai wancan alhakin mutum na uku da doka ta tilasta. Ambaliya da tarzoma galibi ba sa shiga sai an nemi a ƙara su an biya, lamarin da ya zama mai muhimmanci ga duk wanda ya ga yadda ruwa ya shanye motoci a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024.

3.0 Yadda Neman Diyya ke Taɓa Kuɗin Shekara

Kamfanin inshora yana da hanyoyi uku na mayar da martani ga wanda ya nemi diyya. Yana iya janye rangwamen da ake ba wanda ya shekara bai nemi komai ba, rangwamen da ke ƙaruwa mataki-mataki gwargwadon shekarun da mutum ya yi lami lafiya. Yana iya ƙara kason da yake caji a kan ƙimar motar, musamman ga wanda ya maimaita haɗari ko ga kamfanin da ke da ayarin motoci masu yawan ɓarna. Yana kuma iya ɗaga kason farko na asara, wato adadin da mai mota zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya ɗora nasa.

Sai dai ƙa'idar kashi 5 cikin 100 ta rage ƙarfin hanya ta farko ƙwarai. Tunda gasa ta sa kamfanoni da yawa suna sayarwa a daidai wannan mafi ƙarancin farashi, direban da ya shekara goma bai taɓa gogar ko bango ba ba shi da inda zai sauka ƙasa da shi. Rangwamen da zai rasa idan ya nemi diyya bai wuce tazarar da ke tsakanin farashin kamfanin na asali da wancan kashi 5 ba. Hukumar ta kafa wannan ƙa'ida ne don hana kamfanoni karya farashi har su kasa biyan diyya, kuma manufar tana da kyau. Amma ta haifar da wani sakamako da ba a cika magana a kansa ba: mai tuƙi da natsuwa da mai ganganci suna iya tarar da kansu a farashi ɗaya.

Misali na lissafi zai fayyace batun. A ɗauka mota ce ta naira miliyan 10, farashin kamfani kashi 6, amma rangwame ya sauko da shi kashi 5. Mai ita yana biyan naira 500,000 maimakon 600,000. A ɗauka kuma kason farko da ke kansa naira 50,000 ne. Idan madubi ya karye, gyaransa naira 120,000, kamfani zai ba shi 70,000, shi kuma ya rasa rangwamen 100,000 a shekara mai zuwa. A nan gara ya gyara da kansa. Idan kuwa gaban motar ne ya rugurguje, gyara ya kai naira miliyan 2, to barin diyyar kusan miliyan 2 don tsoron ƙarin 100,000 asara ce tsantsa. Mutane da yawa suna ɗaukar hukuncin da ya dace da madubi su ɗora shi a kan babban haɗari.

Ko da mutum ya zaɓi ya gyara da kansa, sharaɗin takardar yana nan: a sanar da kamfani duk haɗarin da ya auku cikin lokacin da aka ƙayyade. Sanarwa daban, neman diyya daban. Wanda ya ɓoye haɗari, bayan wata biyu ɗaya ɓangaren ya taso da ƙara, yana iya tarar da kamfani ya zare hannunsa saboda jinkirin sanarwa.

A Faransa an cire wannan lamari daga hannun ra'ayin kamfani an mayar da shi doka. Kowane direba yana farawa da ma'auni 1.00. Duk shekarar da bai jawo haɗari ba ma'aunin zai ragu da kashi 5 cikin 100, har ya sauka zuwa 0.50 bayan shekara 13, wato rabin kuɗi. Duk haɗarin da laifinsa ne gaba ɗaya yana ƙara kashi 25, idan an raba laifi kashi 12.5, kuma ma'aunin ba ya wuce 3.50. Sata da gobara da fashewar gilashi ba sa taɓa shi, haka ma haɗarin da wani ne ya jawo. Ma'aunin yana bin direba duk kamfanin da ya koma. Amfanin wannan tsari shi ne mutum ya san abin da neman diyya zai jawo masa tun kafin ya nema, kuma ba a hukunta shi a kan ɓarawon da ya sace masa mota. A Nijeriya wannan rarrabewa tsakanin mai laifi da wanda tsautsayi ya faɗa wa ta dogara ne da sharuɗɗan kowane kamfani da kuma ƙarfin dillalin inshorar da ke tsaya wa mai motar.

4.0 Abin da ya fi Neman Diyya Tayar da Farashi

Tun watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. Kusan duk motar da ke kan titi da duk kayan gyaran da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, daga waje suke zuwa. Tunda kuɗin cikakkiyar inshora kaso ne na ƙimar mota, motar da ta tashi daga miliyan 10 zuwa miliyan 18 kuɗinta ya tashi daga naira 500,000 zuwa 900,000 ko da mai ita bai taɓa taka ƙofar ofishin diyya ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka ga ƙari bayan sun nemi diyya sun ɗora wa diyyar laifin da na canjin kuɗi ne.

Mafitar da wasu suka samu ita ce su bar tsohuwar ƙimar a takarda don kuɗin shekara kada ya motsa. A nan ne ramin yake. Inshora tana mayar da mutum ne matsayin da yake kafin asara, amma ba ta wuce adadin da aka rubuta. Idan aka sace motar da kasuwa ta sa wa miliyan 20 alhali takarda ta ce miliyan 10, miliyan 10 ne iyakar abin da za a samu. Inda kuma takardar ta ƙunshi sharaɗin biya gwargwadon ƙima, ko ƙaramin gyara sai an rage: wanda ya yi wa rabin ƙimar motarsa inshora, rabin kuɗin gyara zai karɓa. Ga kuma batun sabon kaya a tsohuwar mota, inda kamfani kan nemi mai ita ya ba da wani kaso tunda sabuwar taya ko sabon batir ya fi wanda ya lalace. Waɗannan ragi su ne asalin ƙorafin da ake yawan ji cewa kamfanin inshora ba ya biya cikakke, kuma yawancinsu suna rubuce a takardar da ba wanda ya karanta wa mai motar da harshen da yake ji.

5.0 Alhakin Ɓarnar Dukiyar Wani

Tushen wannan alhaki ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya lalata dukiyar wani, da gangan ko bisa kuskure, lamuninta na kansa. Dokar da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ita ma tana ɗora wa mai sakaci biyan ɓarnar da sakacinsa ya jawo, har ta ƙara da cewa ubangida yana ɗaukar alhakin abin da direbansa ya yi a bakin aiki. Saboda haka attajirin da ke zaune a Sabon Gari yana iya zama abin ƙara a kan tirelarsa da ta afka wa shago a Lakwaja.

Inshora ba ta ɗauke wannan alhaki daga wuyan mai mota. Tana biya ne a madadinsa har zuwa iyakar da aka yanka, abin da ya haura kuma bashi ne a kansa. Mutane da yawa masu cikakkiyar inshora suna zaton sun tsira daga komai, alhali ɓangaren mutum na uku na takardarsu yana nan a naira miliyan 3 ɗin nan sai idan sun nemi a ɗaga. A farashin yau, motar gida da ta daki sabuwar jif a Maitama tana iya jawo ɓarnar da ta ninka wannan adadi sau da yawa. Idan gyaran ya kama miliyan 9, kamfani zai ba da 3, sauran 6 su fito daga aljihun mai laifi, ko daga gidansa ko gonarsa idan kotu ta yanke.

Ranar 28 ga Yunin 2018 wata tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a gadar Otedola da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan. An rasa rayuka, kuma motoci sama da 50 suka ƙone. A lokacin, mafi ƙarancin kariyar dukiya da doka ta wajabta naira miliyan 1 ce. Ko da iyakar yau ta miliyan 5 da aka sa wa manyan motoci aka raba wa masu motoci 50, kowa zai tashi da naira 100,000. Wannan ya nuna cewa iyaka guda ga kowace babbar mota, ba tare da duba irin kayan da take ɗauka ba, ba ta dace da girman haɗarin ba. Iyakokin da sanarwar 2022 ta ambata na dukiya ne kawai. Diyyar rai da rauni ba ta cikin wannan ƙayyadewa.

Akwai kuma haƙƙin da kamfani ke gada. Idan wani ya daki motar mai cikakkiyar inshora, kamfaninsa zai gyara masa, sannan ya bi mai laifin ko kamfanin mai laifin ya karɓo kuɗinsa. A nan ne sulhun bakin titi ke yin ɓarna ba tare da an sani ba. Wanda ya ce ya yafe, ko ya karɓi ɗan abin da aka ba shi ya sa hannu cewa magana ta ƙare, ya yafe haƙƙin da ba nasa kaɗai ba ne, kuma kamfani na iya ƙin biyansa. Shi ma wanda ya yi saurin cewa laifinsa ne zai biya komai, ya saɓa wa sharaɗin da ya hana amsa laifi ba da izinin kamfani ba. Sulhu alheri ne, kuma ba abin da ya hana a kwantar da hankali a ba juna haƙuri. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki hotuna, a karɓi lambar mota da bayanin inshorar ɗaya ɓangaren, a sanar da kamfani kafin a ɗaure magana.

Kariyar tana iya faɗuwa ta wasu hanyoyin: direba marar lasin, tuƙi cikin maye, ko motar da aka yi wa inshorar gida aka mayar da ita ta haya. Wannan na ƙarshe ya yawaita tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yayin da ma'aikata da dama suka koma ɗaukar fasinja don su rage kuɗin fetur. Haka kuma ƙa'idar da aka tsaurara tun 2013 tana nan: idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya.

6.0 Ƙetaren Iyaka da Takaful

Ga direbobin da ke kai albasa da shanu Kwatano da Lome da Akara da Kumasi, akwai katin inshora na ECOWAS, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a Kwatano a 1982 don biyan ɓarnar da baƙuwar mota ta yi wa mutum na uku. Tun 2023 an haɗa kuɗinsa cikin sabon farashin Nijeriya. Nijar da Kamaru da Cadi kuwa suna bin kundin inshora na bai ɗaya da ya fito daga yarjejeniyar CIMA ta Yawunde a 1992, wanda ya tsara diyyar rai da rauni bisa jadawalin da ke da alaƙa da mafi ƙarancin albashi. Wannan yana rage jayayya, domin kowa ya san ma'aunin tun kafin a zauna.

Wani abin da ke hana mutanen Arewa shiga cikakkiyar inshora shi ne shakkar halascinta. Tsarin takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979, ya amsa wannan shakka ta hanyar mayar da kuɗin gudummawa ga asusun taimakon juna. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da shi. A nan tasirin neman diyya ya fi fitowa fili: idan asusu ya yi rara a ƙarshen shekara, akan raba ta ne ga mahalartan da ba su nemi diyya ba. Amma iyakar ɓarnar dukiyar wani da sharuɗɗan sanarwa iri ɗaya ne da na sauran kamfanoni.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa a tsarin Nijeriya na yanzu, neman diyya sau ɗaya ba ya jawo ƙarin da ya kai girman tsoron da ake yi masa, kuma yawancin ƙarin da aka gani tun 2023 daga faɗuwar naira ya fito. Asarar da ke iya karya mutum tana cikin tsohuwar ƙima da aka bari a takarda da kuma iyakar alhakin mutum na uku.

Bisa haka take ba da shawarwari huɗu. NAICOM ta sake duba iyakokin 2023 gwargwadon farashin motoci, ta kuma ware tankokin mai da iyaka ta daban. A fito da ma'aunin rangwame da ƙari na bai ɗaya wanda zai bambanta mai laifi da marar laifi, ya kuma ba direba mai tsabtataccen tarihi damar sauka ƙasa da kashi 5. A faɗaɗa rumbun bayanan inshora na NIID, wanda yanzu ake tantance sahihancin takarda da shi, ya riƙa ajiye tarihin diyyar kowane direba don ya bi shi duk kamfanin da ya koma. Sannan a wajabta wa kamfanoni ba da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, mai nuna ƙimar da aka rubuta, da kason farko, da iyakar ɓarnar dukiyar wani, da wa'adin sanarwa, da kuma adireshin sashen karɓar ƙorafi na hukumar. Ƙungiyoyin direbobi da masu motocin sufuri irin su NURTW da NARTO su ne mafi kusa da waɗanda abin ya shafa, kuma ta tashoshinsu ya kamata a fara raba wannan bayani.